Ina karanta soshiyoloji a ƙaramar kwaleji, in ci gaba ko in canza?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ina aji biyu a wata ƙaramar kwaleji ina karanta soshiyoloji, gaskiya ba shi na nema ba tun farko, shi aka bani na karɓa dan kar in zauna a gida, sai gashi yanzu ya shiga raina, in ana lakca bana son a tashi. Damuwata ita ce sashenmu ƙarami ne sosai, malamai huɗu ne kacal mu kuma a aji bamu cika ashirin ba, makarantar ma in na faɗi sunanta sai an ce a ina take. Baba kullum tambayarsa ɗaya ce, in kin gama me zaki zama? Sai in yi shiru dan ni kaina ban sani ba. Ƙawayena suna manyan jami'o'i masu lauya masu likitanci, in ana hirar karatu sai in ji kamar ni wasa nake. Yanzu yayana ya ce in nemi taransifa ko in sake sabon kwas mai aiki ko da zan yi asarar shekara biyu. Kaina ya kulle, me zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara baki amsar kafin dogon surutu: kar ki canza, a kan dalilan da kika lissafo dai ban ga na canji ba. Akwai abu biyu da in kika bincika kika same su ni da kaina zan ce ki tattara littattafanki ki nemi wani wurin, zan zo kansu a ƙasa, amma ƙanƙantar aji da rashin sunan makaranta basa ciki.

Sai dai fa kar ki ji haushin Baba, tambayarsa tana kan hanya. Akwai kwas ɗin da sunansa shine sunan sana'ar, wanda ya karanta likitanci likita zai zama, lauya haka, nas haka, akwai hukumar da zata basu lasisi kuma ba mai shiga aikin sai da shi. Soshiyoloji baya cikin wannan layin. In ba a jami'a ko cibiyar bincike ba da wuya kiga an buga tallan aiki an ce ana neman masanin zamantakewa, shiyasa wanda ya gama shekara huɗu yana haddace ma'anar al'umma da sunayen manyan masanan fannin irinsu Durkheim da Weber da Marx ya juye a takardar jarabawa ya manta, wallahi yakan sha wahala, ko daga wace jami'a ya fito kuwa. Bazan ɓoye miki wannan ba. Abinda ake ɗaukar ɗan soshiyoloji aiki dominsa shine ya iya tsara tambaya, ya iya fita ya tattaro bayani daga bakin mutane, ya iya zama gaban kwamfuta ya fitar da ma'ana daga lambobin, sannan ya rubuta a shafi biyu yadda shugaban da bashi da lokaci zai karanta ya gane. Masu wannan hannun sune kike gani a hukumomin ƙidaya da ƙididdiga, da ƙungiyoyin agaji a ɓangaren sa ido da auna ko aiki ya yi amfani, da kamfanonin binciken kasuwa da jin ra'ayin jama'a, da shirye-shiryen lafiyar al'umma, da sashen kula da ma'aikata, da aikin jarida, da koyarwa. Duk waɗannan wuraren ba wanda aka ajiye wa 'yan kwas ɗinku su kaɗai, da 'yan tattalin arziki da 'yan ƙididdiga da 'yan kimiyyar siyasa zaku yi takara, toh kinga dole ki shigo da abinda zaki nuna.

Nasan abinda ya ja ranki a lakca, irin ranar nan da malami zai ɗauko abinda kike ɗauka matsalar mutum ɗaya ce ya nuna miki ashe tsari ne. C. Wright Mills, wani masanin soshiyoloji ɗan Amurka, ya bada misalin a 1959, ya ce in a birni mai mutum 100,000 mutum ɗaya ne bashi da aiki to sai a duba shi, halinsa, iyawarsa, amma in ƙasa tana da ma'aikata miliyan 50 sannan miliyan 15 basu da aiki to maganar ta wuce halin mutum ɗaya, sai a duba yadda aka gina tattalin arzikin. Wannan idon yana da daɗi kuma yana da amfani, kuma ba jiya aka fara shi ba, tun 1377 Ibn Khaldun ɗan Tunis ya rubuta Muƙaddima yana tambayar me yasa dauloli ke tashi su faɗi, ya kawo maganar asabiyya wato ƙarfin haɗin kan jama'a, shekaru sama da 400 kafin Auguste Comte na Faransa ya raɗa wa fannin suna. Ki riƙe wannan idon. Amma ido kaɗai baya biyan albashi, kuma anan ne mafi yawan ɗalibai suke yin sake, suna son darasin nazariyya saboda ana muhawara ana jin daɗi, in an zo kwas ɗin hanyoyin bincike da ƙididdiga sai kowa ya koma bencin baya yana addu'ar ya tsallake da kyar.

Ke kar ki yi haka. Kwasakwasan nan biyu su ne jarinki, ki ɗauke su kamar dan su kaɗai kika zo makarantar. In ba kya son lissafi ma ki daure, ba irin lissafin injiniyoyi bane, yawanci kaso ne da matsakaici da gane ko bambancin da kika gani tsakanin rukuni biyu na gaske ne ko dace ne kawai. Ki fara da Excel har sai hannunki ya faɗa, sannan SPSS, manhajar ƙididdiga, in makarantar na da shi, in babu ga R mai irin wannan aikin kyauta ne kowa zai iya saukewa, ga KoboToolbox na tsara tambayoyi a waya. Bayanan da zaki yi atisaye da su ma suna nan a intanet ba ko kwabo, Bankin Duniya ya baje nasa, World Values Survey kuma tun 1981 suke tambayar mutane a ƙasashe da dama kan iyali da aiki da addini da yarda da juna. Ki sauke na ƙasa ɗaya ki zauna da shi ki ga me zaki iya cirowa.

Bari in nuna miki yadda abun yake a aikace dan kar ya zama magana a iska. Ace kin lura a makarantarku wasu ɗalibai suna ɓacewa bayan shekarar farko, kina son sanin dalili. Ɗalibin da bai koyi aikin ba zai rubuta a takardar tambayoyi, shin kin yarda rashin kuɗi ne ke sa ɗalibai barin karatu? Kowa zai ce eh, dan an riga an sa masa amsar a baki, kuma waɗanda zai tambaya ma sune waɗanda basu tafi ba, wato ya tambayi mutanen da abun bai shafa ba. Wanda ya koya zai fara neman izini a ofishin rajista a bashi adadin da suka shigo da adadin da suka dawo shekara bayan shekara ba tare da sunaye ba, sannan ya nemo wasu daga cikin waɗanda suka tafin ya zauna da su ya ce bani labarin zangonka na ƙarshe, ya yi shiru ya saurara, kar ya katse. A nan ne zai ji abinda bai taɓa zato ba, wata zata ce jinyar mahaifiya ce, wani zai ce ya faɗi kwas ɗaya ne kunya ta hana shi komawa ba wanda ya faɗa masa ana iya maimaitawa. Sai ya dawo ya buɗe Excel, kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya, ya ba amsoshin lambobi, ya ga wane dalili ne ya fi maimaituwa kuma a wajen su wa. In kika yi irin wannan guda ɗaya tak da kyau, kika rubuta shi tsaf, ranar intabiyu in aka ce me kika iya ba sai kin yi ta kame-kame ba, ki ciro shi ki ajiye a tebur.

Yanzu ga inda ƙaramar makarantar taki take da riba, wadda ke kike gani kamar abin kunya. A babbar jami'a ɗan aji biyu yana zaune ne cikin ɗaruruwa a babban zaure, farfesan da sunansa ya cika littattafai sau da yawa ɗaliban mastas da na digiri na uku ne ke samun lokacinsa, in yana da aikin bincike su zai ɗauka. Ku kuwa ku ƙasa da ashirin ne, malamin nan ya san fuskarki ya san rubutunki, in yana buƙatar mai taya shi shigar da bayanai ko raka shi fili ba wasu manyan ɗalibai da zasu sha gabanki. Amma ba zai biyo ki hostel ya roƙe ki ba. Ki duba cikin su huɗun wanene har yanzu yake rubutu yana bugawa, ki sa sunansa a Google Scholar zaki gani, ki karanta ko da maƙala ɗaya ce tasa, sannan ki je ofis a lokacin ganin ɗalibai ki ce Malam na karanta aikinka kan kaza, akwai wurin da ban gane ba, kuma in akwai aikin da zan iya taimakawa ko kwafe hirar da aka naɗa ne ina so in koya. Malamai kaɗan ne zasu ji wannan su kore ki. Kwafe hira aiki ne mai cin rai, hirar awa ɗaya tana iya cinye miki wuni, amma a nan zaki ji yadda gwani yake tambaya da inda yake yin shiru. Kuma ranar da zaki nemi mastas ko tallafin karatu, wasiƙar shaida daga malamin da kuka yi aiki tare wata biyar tafi ta babban farfesan da sai ya duba fayil kafin ya tuna ki.

Fannin nan ma dama ba na manyan injina bane, ƙafa da kunne da littafin rubutu ne. W.E.B. Du Bois, masanin soshiyoloji baƙar fata ɗan Amurka, da ya je birnin Philadelphia a 1896 kusan shi kaɗai ya bi unguwar baƙar fata gida gida yana tambaya, aikin ya fito a 1899 kuma har yau ana koyar da shi. Ɗan kimiyyar sinadarai in makarantarsa bata da ɗakin gwaji ya shiga uku, ke kuwa duk inda mutane suke zaune kina da wurin aiki. In kuma kina son abin faɗa wa ƙawayen nan naki, Martin Luther King soshiyoloji ya karanta a Morehouse, ƙaramar kwaleji a Atlanta, ya gama a 1948 yana ɗan shekara 19, Ronald Reagan ma da ya mulki Amurka tattalin arziki da soshiyoloji ya yi a Eureka, kwalejin da ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne, ya gama a 1932. Ba cewa nake kwas ɗin ne ya kai su inda suka kai ba, irin wannan lissafin malaminku na hanyoyin bincike zai ja masa jan biro, kawai dai kar wani ya ce miki ƙaramar makaranta rufaffiyar ƙofa ce.

An ma yi bincike kan maganar sunan makarantar kanta. Stacy Dale da Alan Krueger a Amurka sun buga wani aiki a 2002, suka kwatanta ɗaliban da manyan makarantu suka karɓa amma wasu suka je wasu kuma suka zaɓi waɗanda basu kai su suna ba, sai suka ga daga baya abinda suke samu kusan ɗaya ne, ma'ana ɗalibin ne ya fi yin tasiri. Amma sun ga wani abu da ya kamata ki sani, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi su kam babbar makaranta tana ƙara musu, kuma bayanin da aka fi yi shine tana haɗa su da mutanen da gidansu ba zai iya haɗa su da su ba. A Amurka aka yi ba lallai ya zauna daidai a ko'ina ba, amma ya taɓo ainihin raunin ƙaramar kwaleji, ƙarancin mutane.

Maganin wannan ma daga cikin fanninku ya fito. Wani masanin soshiyoloji mai suna Mark Granovetter a 1973 ya nuna cewa labarin aiki yafi zuwa wa mutum ta bakin wanda suka san juna sama-sama fiye da ta bakin aminai, dalili kuwa aminanki duk abinda suka sani kema kin sani, da'ira ɗaya kuke, wanda kuka haɗu sau biyu a taro shine yake yawo a wata da'irar da labarinta baya iso ki. Toh ku ashirin ɗin nan da'ira ɗaya ce ƙarama, dole ki ɗinga leƙawa waje da gangan. Duk dogon hutu ki nemi inda zaki yi aikin sa kai ko koyon aiki, ko mai ɗaukar bayanai ne a wani binciken lafiya, ki tambayi sashenku ina tsofaffin ɗalibai suke aiki yanzu ki nemi biyu ko uku ki gaishe su ki tambaye su yadda suka shiga, in ƙungiyar masana fannin tana taron shekara kuma ana barin ɗalibai ki je ko zama kawai zaki yi. Su ma ƙawayen naki masu lauya da likitanci kar ki janye jiki daga gare su saboda wannan jin da kike ji, nan da shekara biyar asibitin da ɗaya take aiki zai nemi mai tattara bayanai.

Sai abu biyun da na ce in kin same su ki tafi. Na farko ki tabbatar hukumar da ke kula da manyan makarantu ta amince da makarantar da kuma wannan kwas ɗin takamaimai, dan ana iya amincewa da makaranta amma wani sashe nata bai samu ba, kuma kar ki tsaya ga maganar baki, ki duba jerin hukumar da idonki. In babu amincewa digirin zai iya zama takarda kawai, a ƙi karɓarsa wurin aiki a ƙi karɓarsa wurin mastas, nan kam yayanki ya fi ni gaskiya kuma gara yau da gobe. Na biyu ki ɗauko kundin kwasakwasai ki duba aji uku da huɗu, akwai hanyoyin bincike? akwai ƙididdiga? akwai furojet na ƙarshe da ɗalibi ke fita fili da kansa? Sannan ki tambayi 'yan ajin ƙarshe ko da gaske ana koyarwa ko a takarda kawai suke, dan sashe mai malamai huɗu in mai koyar da ƙididdigar ya ajiye aiki ana iya shekara ba a maye gurbinsa ba. In ya zama babu kuma ba a barin ki ɗauka a wani sashen kamar na tattalin arziki ko lissafi, to ki nemi taransifa zuwa inda ake yi, a soshiyolojin dai, kuma kafin ki motsa ki sa su rubuta miki kwasakwasai nawa zasu karɓa daga waɗanda kika riga kika ci.

Sauran raunin ana iya zama da su. Malamai huɗu yana nufin ra'ayi huɗu zaki ta ji har ki gama, kuma in ranki na son ɓangaren da ba mai yinsa a cikinsu, ace laifuka ko lafiya ko birane, sai kin karanta da kanki. Laburare ma ƙila ba wani abin kirki, amma JSTOR, wani rumbun maƙalolin bincike a intanet, suna barin mutum ya buɗe asusu kyauta ya karanta wasu adadin maƙaloli duk wata, kuma marubuta da yawa in ka tura musu imel cikin ladabi suna turo aikinsu. In tsarin makarantar ya bada dama ki haɗa da ƙaramin fanni na biyu, ni da za'a bi tawa ƙididdiga ko kwamfuta ko lafiyar al'umma zan ce. Wani abu kuma da ake yawan rikitawa, soshiyoloji daban aikin jin daɗin jama'a wato social work daban, a ƙasashe da yawa na biyun yana da nasa digirin da nasa rajistar, in can zuciyarki take ki bincika sharuɗɗan tun yanzu.

Shi kuma yayanki da kyakkyawar niyya yake magana, amma ki tambaye shi wane kwas ɗin yake nufi kuma ya tabbata zaki samu gurbin? Shekara biyu ba shekara biyu bace kawai, kuɗin da aka kashe ne da wanda za'a sake kashewa da jinkirin fara samun naki, sannan a ɗauke ki daga abinda kike so kike ci a kai ki inda ƙila da kyar zaki ɗinga tsallakewa. Sakamako mai kyau a soshiyoloji yana buɗe mastas a fannoni da dama, lafiyar al'umma, nazarin ci gaba, tsare-tsaren gwamnati, nazarin yawan jama'a, sakamako mai rauni a kwas mai suna kuwa ba abinda yake buɗewa.

Baba kuma shirun nan naki ne yake tayar masa da hankali fiye da kwas ɗin, uba in ya tambaya aka yi shiru sai ya ɗauka ba a san inda aka dosa ba. Kar ki je masa da Durkheim. Ki bari sai kin duba maganar amincewar nan kin kuma samu tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da inda suke aiki, sannan ki same shi lokacin da yake cikin natsuwa ki ce Baba aikin da nake koyo shine in hukuma ko kamfani ko asibiti suna son sanin halin da mutane ke ciki kafin su kashe kuɗi, ko suna son sanin aikin da suka yi ya amfani mutane ko bai amfana ba, irinmu ake turawa mu binciko mu kawo a rubuce, ga wance da wane da suka gama a sashenmu ga inda suke yanzu, ni kuma ga abinda zan yi a hutun nan. In ya ce nawa ake biya ki ce zaki tambayo, kuma ki tambayo ɗin da gaske ki kawo masa.